Yadda Yaƙin Hitila Ya Mai da Makiyayar Shanu Gari: Labarin Nima

Makonnin baya da muka yi hira a kan rufe iyakoki, wani dillalin shanu ya bugo waya yana tambaya, shin a zamanin Turawa ma an taɓa rufe iyaka, ko kuwa abin na bayan mulkin kai ne? An taɓa, Alhaji, kuma rufewar ta haura shekara biyu. Garin neman amsar nan ne na faɗa cikin tarihin Nima, unguwar nan ta Accra wadda kusan duk wanda ya taɓa kai kaya Ghana ya kwana a cikinta, ko aƙalla ya ci shinkafa da wake a bakin titinta. Abin da na tarar shi ne, yaƙin da aka gwabza a Turai da Habasha da Bama, wanda bai taɓa isowa Nima ba, shi ne ya mai da ita gari. Shi ya sa na ce bari mu ba ta shiri guda.

Mu fara da yadda wurin yake kafin yaƙi. Accra, wadda tsofaffinmu ke ce wa Ankara, ba baƙon wuri ba ce ga Bahaushe. Tun a ƙarni na 19 akwai zango a tsakiyar gari, inda ake kira Zongo Lane yanzu, kuma sunan Malam Neno, mutumin Katsina, shi ake fara ambata in ana lissafin waɗanda suka kafa shi. Da wurin ya cika, rigingimun shugabanci suka yi yawa, ɗansa Malam Baƙo ya ja mutanensa yamma ya kafa Sabon Zango wajejen 1910. Nima kuwa ƙanwa ce a kan waɗannan. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani, malami kuma mai fataucin shanu, ya samu fili a arewacin gari daga hannun iyalan Odoi Kwao, 'yan ƙabilar Ga. Fili ne na ciyawa, a wajen layin da Turawa suka shata wa gari. Wasu na cewa sunan daga "ni'ima" ya fito, 'yan Ga kuma suna cewa daga harshensu ne. Kowa da tasa, ni ba zan raba gardamar ba.

Amfanin filin a fili yake ga duk wanda ya taɓa koro garke. Yawancin shanun da ake yankawa a Kumashi da Accra a wancan zamani daga ƙasashen Faransa suke fitowa, wato ƙasar Mosi da bakin Kwara da Mali ta yau. Suna shigowa ta wajen Paga da Pusiga, a tsare su a duba lafiyarsu saboda bushiya, sannan a gangaro ta Tamale, a ƙetare kogin Bolta a Yeji, a bi ta Prang da Atebubu har Kumashi, wasu kuma su zarce bakin teku. Sa ya yi wannan tafiya, ai sai ƙashi da fata. Dole a samu inda zai huta ya murmure kafin mahauci ya taya. To aikin da Nima ta fara yi ke nan: masauki na shanu da masu shanu, da 'yan bukkoki, da makarantar allo.

Shekarar 1939 ta zo wa Accra da abu biyu. Ranar 22 ga Yuni aka yi girgizar ƙasa, ta rushe gidaje da yawa a tsohon gari, mutane suka bazu neman wurin zama. A watan Satumba kuma Ingila ta shiga yaƙi da Jamus.

Da farko yaƙin labari ne kawai. Sai a watan Yunin 1940, da Jamus ta ci Faransa, abin ya iso ƙofar gida. Gwamnatin da aka kafa a garin Vichy ta yi sulhu da Hitila, kuma babban gwamnan Faransa da ke Dakar, Pierre Boisson, ya bi ta. Ku dubi taswira ku gani. Gold Coast, wato Ghana ta yau, teku ce a kudancinta, sauran ɓangarori uku kuwa duk ƙasar Faransa ce ta kewaye ta. Ita Haute-Volta ma, Burkina ta yanzu, ba ta nan a lokacin, don tun 1932 aka yayyanka ta aka raba wa Kodebuwa da Nijar da Sudan ta Faransa, ba a maido ta ba sai 1947. Dare ɗaya maƙwabci ya koma abokin gaba, aka rufe iyaka. Hanyar da shanu ke bi su gangaro, goro da atamfa su haura, ta tsaya a hukumance, a daidai lokacin da barikokin soja ke cika da bakunan da ke neman nama.

Na ce "a hukumance", don ku kun fi ni sanin cewa iyaka ba ta rufuwa ruf. An ci gaba da ƙetarowa ta daji, da dare, da tsada, da kasada. Su kansu Turawan Ingila ba su ƙi ba, don suna bukatar naman, suna kuma bukatar labarin abin da Faransawa ke shiryawa, kuma fatake na cikin waɗanda ake tatsar labari a bakinsu. Mutane ma sun yi ta kwararowa, suna gudun aikin tilas da kamun soja na Faransa. A watan Janairun 1942 har sarkin Gyaman na wajen Bonduku ya ƙetaro da dubban mutanensa. Sai bayan da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Afirka ta Arewa a Nuwamban 1942, Boisson ya juya, sannan hanya ta fara buɗewa sannu a hankali. Waɗanda suka yi rufewar Najeriya ta 2019, ko ta Nijar bayan Yulin 2023, ba sai an yi musu dogon bayani ba: mai jari da sanayya ya ƙara ƙiba, ƙaramin ɗan kasuwa ya cinye uwar kuɗi.

Amma abin da ya fi canza Nima ta sama ya zo. Da yake Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila, sai suka ɓullo da dabara: a kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, a tashi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena, a ratsa Sudan ta Kartum har Alƙahira. An fara wannan a Satumban 1940. A 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya shigo aikin ya kafa hedikwatarsa a Accra, daga baya sojojin saman Amurka suka karɓa. Filin jirgin Accra ya zama ɗaya daga cikin manyan zangunan yaƙin, jirage na sauka suna tashi dare da rana. A Achimota kuma Janar Giffard ya kafa hedikwatar sojan Afirka ta Yamma, kuma daga 1942 nan ne mazaunin Lord Swinton, ministan da London ta turo ya kula da harkar yaƙi a yankin nan duka.

Yanzu ku tambayi kanku, dubban baƙin nan wa zai dafa musu, wa zai yi musu wanki da guga, wa zai yi gadi, wa zai ɗauki kaya, wa zai haƙa lambatu ya share filin saukar jirgi? Kuma in an ɗauki mutum aiki, ina zai kwana? Unguwannin Turawa, Ridge da Cantonments, ba a ba baƙar fata wuri sai ɗakin boyi. Cikin gari ya cika, haya ta yi tsada. Nima ga ta nan kusa, tafiyar ƙafa ce zuwa bariki da filin jirgi, kuma da yake tana wajen layin hukumar gari, babu mai tambayarka takardar izinin gini. Ka je ka gai da mai unguwa, ka ba da goro, a nuna maka wuri, ka kafa ɗakin ƙasa ka rufa da abin da ka samu. Haka Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Wangarawa da Dagombawa da Frafra da Yarbawa da Barebari suka taru, kowace ƙabila da sarkinta, harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci kuwa Hausa. Kada mu ɓoye, kuɗin soja ya jawo har da mata masu zaman kansu da gidajen giya, abin da malaman unguwa ba su so ba. Da Nima ta cika, sai ta tumbatsa ta haye rafi zuwa Maamobi. Mutanen Accra kimanin dubu 60 ne a ƙidayar 1931, a ta 1948 sun kai wajen dubu 135.

Kuɗi ya shigo hannu, amma me za a saya da shi? Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen kaya. Kamfanin Elder Dempster, wanda shi ke riƙe da jigilar bakin tekun nan, ya yi asarar manyan jiragensa, har da mai suna Accra da mai suna Apapa a 1940, da Abosso a 1942. Atamfa, kananzir, sukari, sabulu, adda, kwanon rufi, duk suka yi wuya.

A nan ne ya kamata mu leƙa Ingila kaɗan, don a can ma ana cikin ƙunci. Tun Janairun 1940 aka fara rabon abinci da kati, kowane mutum da ɗan littafinsa, mai kuɗi da talaka awo ɗaya na sukari da man shanu da nama. Bayan yaƙi abin bai sassauta ba, har burodi sai da aka sa wa kati daga 1946 zuwa 1948, nama kuwa ba a sake shi ba sai 1954. Kitsen da suke shafa wa burodin nan, da yawansa gyaɗar Kano ce da manja. Kokon Gold Coast gwamnatinsu ce ke saye duka a farashin da ita ta yanka. To bambancin shi ne, a Ingila an raba wahalar da ma'auni, a nan kuwa ba a ba talaka kati ba. Ɗan kayan da ke shigowa ana raba izininsa ne gwargwadon abin da kamfani ya saba shigowa da shi kafin yaƙi, ka ga manyan kamfanonin Turawa irin su UAC su suka kwashe kusan komai. Suna da ƙungiya mai suna AWAM. Har yau a Ghana in aka ce abu "awam" ne, ana nufin an haɗa baki an yi maguɗi. Gwamnati ta yanka farashi a takarda, amma a kanti sai a ce maka kaya sun ƙare, ka zagaya baya ka same su ninki biyu. Ko kuma a ce ba za a sayar maka da atamfar da kake so ba sai ka haɗa da wani tarkacen da ya ƙi shiga. Ɗan tebur na Nima da ɗan koli mai kai kaya arewa su ne a ƙarshen layin nan, su ne kuma masu saye ke zagi.

Duk da haka mutane ba su fasa shaƙatawa ba, kuma wannan ɓangaren ya fi ba ni sha'awa, watakila don ya shafi sana'ata. Gidan rediyon farko na ƙasar, mai suna ZOY, Gwamna Arnold Hodson ne ya buɗe shi a Accra ranar 31 ga Yulin 1935. Da farko ta waya ake jan muryar zuwa akwatin da ke gidan wanda ya biya, galibi shirye-shiryen BBC. Yaƙi ne ya sa aka ƙara masa ƙarfi, aka shiga ba da labarai da Twi da Fante da Ga da Ewe da Hausa, har da Faransanci don waɗanda ke hayin iyaka su ji. Wato rediyon da ke magana da mutanen ƙasa biyu ba mu muka fara ba, sai dai su farfaganda ce ta sa su. Ga motocin majigi na gwamnati suna zagayawa suna nuna hotunan yaƙi, ana kuma tara gudummawar sayen jiragen Spitfire. Ga gidajen silima na cikin gari irin su Palladium, inda yaran zango ke zuba kwabbansu su kalli 'yan kaboyi. Daga baya Nima ta samu nata, Dunia.

Kiɗa ma ya canza. Sojojin Ingila da Amurka sun zo da faifan garmaho da kayan busa. Wani sajan ɗan Sikotlan da ake kira Leopard ya haɗa ƙungiyar makaɗa ta Turawa da baƙaƙe, a cikinta E.T. Mensah ya goge, shi ne kuma daga baya ya riƙe ƙungiyar Tempos ya zama sarkin kiɗan highlife. A zango kuwa kalangu da goge ba su kau ba, biki da suna da hawan salla suna nan, sai dai saurayin da ya yi aiki da Amurkawa ya dawo da tabarau da taba sigari da wata irin tafiya. A shekarun 1950 irin wannan ɗan ƙwalisa ana ce masa "jaguwa", daga sunan motar Ingila Jaguar. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim da wannan suna, a kan samari uku da suka taso daga Ayorou ta Nijar zuwa Gold Coast ci-rani: Damouré Zika, da Illo masunci, da Lam, Bafulatani makiyayi. A fim ɗin, da aka hana su wucewa a iyaka don ba su da takarda, sai suka zagaya ta bayan ofishin kwastan suka shige. Na san wasunku suna murmushi. Shi Rouch ɗin ne kuma ya ɗauki 'yan Hauka, masu borin da ya samo asali a wajen Filinge a shekarun 1920, waɗanda in abin ya hau su sai su riƙa kwaikwayon gwamna da janar da kofur. Malamai sun ƙi abin, mu ma ba yabonsa muke ba, amma ya nuna yadda mulkin bariki ya shiga jikin leburan da ke ƙarƙashinsa. A ɗaya gefen kuma, ziyarar Shehu Ibrahim Inyas a farkon shekarun 1950 ta ƙara wa zikiri da maulidi jama'a a zangunan ƙasar.

Sai sojoji suka dawo. Kimanin mutum dubu 65 na Gold Coast ne suka sa kaki a yaƙin. Sun yi yaƙi da Italiya a Habasha da Somaliya a 1940 da 1941, sannan aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 suka kara da Japan. Shi ya sa babban barikin Accra ake ce masa Burma Camp. Da yawa daga cikin masu riƙe bindigar 'yan arewa ne, wasu ma daga ƙasar Faransa suka ƙetaro suka shiga, kuma Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki tun zamanin dakarun Glover. Da aka sallame su a 1945 da 1946, da yawa ba su koma ƙauye ba. Wanda ya ga Bombay, ya saba da albashi, ina zai koma noman gero? Suka sauka a Nima da Maamobi. Waɗanda suka koyi tuƙi su suka fi dacewa, don motocin soja da aka yi gwanjonsu sun zama motocin haya. Sauran kuwa sai gadi da dako. Kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba, tsada ta cinye shi, aikin da aka yi musu alkawari babu.

Ranar 26 ga Janairun 1948 wani basaraken Ga, Nii Kwabena Bonne, ya jagoranci ƙaurace wa kayan kantunan Turawa da na Kwara, wato 'yan Siriya da Labanan, sai an rage farashi. Aka yi wata guda, aka daidaita cewa sabon farashi zai fara ranar 28 ga Fabrairu. A ranar ce kuma tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna Gerald Creasy kukansu a fadarsa ta Osu. A mararrabar Christiansborg 'yan sanda suka tare su, wani Baturen ɗan sanda, Colin Imray, ya buɗe wuta. Sajan Adjetey da Kofur Attipoe da soja Odartey Lamptey suka faɗi. Gari ya kama da wuta, aka fasa kantuna aka ƙona, abin ya bazu har Kumashi da wasu garuruwa. Mutum 29 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni, har sai da aka kawo sojoji daga Najeriya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ɗan zango yana kowane ɓangare a ranar: yana cikin tsofaffin sojoji, yana cikin 'yan sandan da aka jera a gabansu, don wannan reshe na 'yan sanda galibi 'yan arewa ake ɗauka, yana kuma gadin kantin da ake fasawa.

Daga nan siyasa ta ɗauki gudu. Aka kama shugabanni shida, aka kafa kwamitin Watson, Nkrumah ya kafa CPP a 1949, ya fito daga kurkukun James Fort a Fabrairun 1951 ya kama gwamnati. A daidai wannan lokaci, farkon shekarun 1950, aka shigar da Nima cikin layin hukumar gari. Amma an makara. Gidaje sun riga sun haɗe ba titi, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta ko asibiti. A ganina nan ne aka cuci unguwar. Lokacin da ake bukatar kuku da lebura da soja, babu wanda ya tambaye su daga ina suka fito, babu kuma wanda ya ja musu famfo. Gwamnatin da ta iya shimfiɗa filin jirgi cikin 'yan watanni ba za a ce ta kasa shata titi biyar a Nima ba. Lungunan da kuke ratsawa yau, da babban kwatamin da ya raba Nima da Maamobi, gadon shekarun nan ne.

Mutanen zango sun gwada neman haƙƙinsu ta ƙuri'a. A 1954 aka kafa jam'iyyar Muslim Association Party, ƙarfinta a zangunan Accra da Kumashi, ta kuma tsaya a ɓangaren masu adawa da CPP. Ghana ta samu mulkin kai ranar 6 ga Maris 1957. Watanni biyar bayan haka gwamnati ta kori manyan jagororin zangon Kumashi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, zuwa Najeriya. Da suka kai ƙara kotu cewa su haifaffun ƙasar ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'ar ta mutu. Kafin shekarar ta ƙare aka haramta duk jam'iyyar da aka gina kan addini ko ƙabila ko yanki. Tambayar da ba a yi wa kowa ba a 1942, wato "ina takardarka", ita ce gwamnatin Busia ta yi wa kowa ranar 18 ga Nuwamban 1969, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Cikin waɗanda suka hau motocin akwai waɗanda aka haifa a Nima, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ba ne.

Shanun da suka kafa unguwar kuwa tuni gidaje suka kore su. Mai kawo garke Accra yau, a tirela yake zuwa, kuma ba ya sauke su a Nima. Sai ya wuce gabas, wajen Ashaiman kusa da Tema, kasuwar da ake kira Tulaku.